Kambin Ƙarfe a Ƙasar Masu Ɗaurin Kai: Sarkin Araukaniya a Littafi da Fim

A wani ɗan ƙaramin gidan tarihi da ke yankin Dordogne, kudu maso yammacin Faransa, an ajiye wani kambin sarauta da aka ƙera da ƙarfe, aka ƙawata shi da duwatsun da aka tsinto daga kogin Biobío na ƙasar Chile. Kambin masarautar Araukaniya da Patagoniya ne, masarautar da babu wata ƙasa a duniya da ta taɓa amincewa da ita, wadda kuma sarkinta na farko ya mutu fiye da shekara ɗari kafin a ƙera kambin. Da sunan al'ummar Mapuche aka yi shi, amma har yau babu ɗan Mapuche ko ɗaya da ya taɓa hawa wannan gadon sarauta.

Labarin wannan masarauta ya ja hankalin marubuta da masu shirya fim fiye da yadda girmanta ya cancanta. Bruce Chatwin ya ba ta wuri a littafinsa na tafiye-tafiye, In Patagonia, na 1977. Jean Raspail ya gina ƙagaggen labari sukutum a kanta a 1981. Carlos Sorín na Ajantina ya yi fim a 1986, Niles Atallah ya yi wani a Chile a 2017. Tambayar da ta dace a yi wa waɗannan ayyuka ita ce: idan sun ɗaga kambin nan sama, kan wa suke nuna mana a ƙarƙashinsa, kuma kan wa suka ɓoye?

Sai an san tarihin kafin a iya auna su. Orélie-Antoine de Tounens lauya ne a garin Périgueux, ɗan manoma, an haife shi a 1825. Ya bar aikinsa ya sauka a Chile a 1858, ya yi kusan shekara biyu yana koyon Sifaniyanci da halin ƙasar, sannan ya nausa kudu, ya ƙetare kogin Biobío. A wancan lokaci ikon gwamnatin Chile a bakin kogin ya tsaya, abin da ke gaba ƙasar Mapuche ce. Ranar 17 ga Nuwamba 1860 ya fitar da shelar kafa masarautar Araukaniya, da kundin tsarin mulki, da tuta mai shuɗi da fari da kore. Bayan kwana uku ya ƙara da Patagoniya. Ya samu goyon bayan wasu shugabannin Mapuche, mafi shahara a cikinsu shi ne Quilapán ɗan Mañil. A Janairun 1862 ɗan rakiyarsa, Rosales, ya kai rahotonsa ga hukuma, aka kama shi, aka tsare shi a garin Los Ángeles. Kotu ta yanke cewa mahaukaci ne, aka kai shi gidan mahaukata a Santiago, daga nan ƙaramin jakadan Faransa ya fito da shi aka sa shi a jirgin ruwa zuwa gida. Ya sake komawa a 1869 ya zauna tare da Quilapán ana tsakiyar yaƙi, ya kuma gwada komawa a 1874 da 1876 bai yi nasara ba. Ya mutu cikin talauci a ƙauyen Tourtoirac a 1878.

Wanda ya ji wannan labari a tsaitsaye zai yi dariya, ya ce wani Bature ne da iska ta kaɗa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Me zai sa shugabannin al'ummar da ta yi shekara ɗari uku tana kare ƙasarta su saurari baƙon da ya zo ba runduna, ba dukiya?

Amsar tana cikin tarihin Mapuche ɗin kansu. Su ne suka kashe Pedro de Valdivia, wanda ya kafa Santiago, a 1553. A 1598 suka kashe wani gwamnan Sifaniya a Curalaba, suka rusa garuruwan da aka gina a kudancin Biobío. A 1641 Sifaniya ta zauna da su a Quilín aka ƙulla yarjejeniya, wadda daga baya aka shigar cikin kundin yarjejeniyoyin da masarautar Sifaniya ta ƙulla da sauran ƙasashe. Irin wannan zama ya ci gaba har zuwa na Negrete a 1803, kuma bayan Chile ta sami 'yanci ita ma ta zauna da su a Tapihue a 1825, shekarar da aka haifi lauyan Périgueux. Ke nan mutanen da ya tarar gwanayen siyasa ne, sun san darajar takarda da hatimi, sun kuma ga cewa sabuwar jamhuriyar ba ta da niyyar riƙe alkawuran da aka yi. Manoma 'yan ci-rani suna kutsowa, sojoji suna biye da su. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ga Bafaranshe yana alkawarin makamai da goyon bayan ƙasarsa, a zamanin da Napoleon na Uku ke tsoma hannu a al'amuran duniya. A idon Quilapán sarautar baƙon nan dabara ce, wata riga ce da za a aro a sa wa 'yancin da ake da shi tun da, domin Turai ta gane shi da irin tufafin da ta saba gani.

Wannan fahimta ce ma'aunin da zan ɗora ayyukan nan a kai.

Littafin Raspail, Moi, Antoine de Tounens, roi de Patagonie, ya ci babbar kyautar ƙagaggen labari ta Cibiyar Harshen Faransanci a shekarar da ya fito. Sunansa kaɗai ya isa nazari. Ma'anarsa ita ce: Ni, Antoine de Tounens, sarkin Patagoniya. Da "ni" aka fara, kuma da muryar sarkin ake ba da labarin. Sannan sunan Araukaniya ya ɓace. Araukaniya ce ƙasar da mutumin ya zauna da shugabanni, inda ake da gonaki da garken dawaki da tarurruka da gardama. Patagoniya kuwa, a tunanin Bature mai karatu, fili ne fetal na iska da sanyi, inda mutum zai shimfiɗa mafarkinsa babu mai ce masa matsa. Marubucin ya zaɓi filin ya bar mutanen. A hannunsa kambi ya zama alamar bijire wa zamani: mutum ɗaya mai girman zuciya, wanda ya ƙi yarda ya tsufa a ofishin lauya na ƙaramin gari. Babu musu Raspail ya iya zana kaɗaici da taurin kai, kuma mai karatu zai tausaya wa tsohon da ya ƙare a ɗakin ƙauye yana rattaba hannu kan takardun sarautar da ba ta da ƙasa. Sai dai tausayin duka can ya tafi. Raspail ya ma ci gaba da wasan a wajen littafi: ya naɗa kansa babban jakadan Patagoniya, a 1984 kuma aka kafa tutar masarautar a tsibiran Minquiers da ke ƙarƙashin Jersey, a matsayin ramuwar gayya ta barkwanci ga Ingila kan yaƙin Falkland. Daidai lokacin da tutar ke zama abin nishaɗin wasu masu kewar sarauta a Faransa, gwamnatin Pinochet tana rarraba filayen gandu na Mapuche zuwa mallakar ɗaiɗaiku a ƙarƙashin dokar 1979. Kada kuma a manta wannan marubuci ne ya rubuta Le Camp des Saints a 1973, littafin da ya zana baƙin haure daga ƙasashen matalauta a matsayin annoba ga Turai. Baƙo ɗaya fari da ya je ƙasar wasu neman sarauta gwarzo ne a wurinsa, baƙi masu duhun fata da suka zo neman abinci kuwa bala'i ne. Wanda ya karanta littattafan biyu tare zai gane wa kambin yake wa aiki.

Fim ɗin Sorín, La película del rey, wato Fim ɗin Sarki, ya fi wayo. Bai ba da labarin sarkin kai tsaye ba, labarin wani matashin darakta ya bayar, wanda ya ƙudurta yin fim a kan sarkin. Mai zuba kuɗi ya gudu, ƙwararrun 'yan wasa suka janye, aka tafi Patagoniya da waɗanda aka tsinto, su ma suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe darakta ya jera mutum-mutumin da ake rataya wa tufafi a shaguna su tsaya a matsayin jama'ar sarki. Fim ɗin ya ci kyautar aikin farko a bikin fina-finai na Venice, kuma ya cancanta. Hoton sarki a gaban gumakan da ba sa magana shi ne sharhi mafi kaifi da aka yi wa dukan wannan adabi: haka ake son talakawan masarautar mafarki su kasance, a tsaye, shiru, inda aka ajiye su. Amma Sorín da haukan mai fasaha ya damu, sarkin madubi ne kawai da darakta ke kallon kansa a ciki. Ya nuna mana cewa an maye gurbin mutane da gumaka, bai dawo da mutanen ba.

Rey, wato Sarki, na Niles Atallah, wanda ya sami kyautar alƙalai ta musamman a bikin Rotterdam na 2017, shi ya fi kusantar matsalar ta gaskiya. Atallah ya ɗauki wasu sassa da tsohon zaren fim, ya binne zaren a ƙasa har ya fara ruɓewa, sannan ya tono shi ya haɗa da sauran. Hotuna suna fitowa da tabo da ƙuna da ramuka, kamar takardar da gara ta ci. A zaman kotu kuma kowa sanye yake da fuskar da aka yi da takarda, har da wanda ake tuhuma, kuma Rosales yana ba da labarin tafiyar daban da yadda maigidansa ya bayar. Manufar a fili take: abin da ya rage mana na wannan tarihi gutsattsari ne, kuma masu ba da shi kowa da fuskar aro. Gaskiya ne, domin babban tushen labarin naɗin shi ne littafin da De Tounens ya wallafa da kansa a Faris a 1863, sai takardun kotun da ta tsare shi. Mai neman sarauta da mai neman ƙasa, su ne shaidu biyun. Duk da haka, da fim ɗin ya doshi ƙarshe sai ya nutse cikin ƙwaƙwalwar sarkin, cikin wahayi da halittu masu kawunan dabbobi. Tambayar da ya tashi da ita, wato wa ke da ikon ba da labari, ta narke ta koma tsohuwar tambaya: shin mutumin nan mahaukaci ne ko mai hangen nesa?

Nan ne nake ganin duk ayyukan suka faɗa rami ɗaya, ramin da alƙalin 1862 ya haƙa. Hujjar da lauyan ya riƙe a gaban shari'a hujja ce ta doka: ƙasar da ke kudancin Biobío ba ta ƙarƙashin Chile, mutanenta 'yantattu ne, suna da ikon naɗa wanda suka ga dama, don haka kotun Chile ba ta da hurumi a kansa. Amsa wannan hujja na nufin buɗe zancen Quilín da Tapihue. Da aka ce mahaukaci ne, an huta da amsawa. Hukuncin hauka ya ɗauke zance daga kan ƙasa ya mai da shi kan ƙwaƙwalwar mutum ɗaya, kuma shekara ɗari da hamsin ke nan adabi yana zagaye a inda aka ajiye shi. Raspail ya ce haukan daraja ne, Sorín ya ce irin na masu fasaha ne, Atallah ya shiga cikinsa da kyamara. Ba wanda ya ɗauki hujjar ya bi ta zuwa inda ta nufa.

Inda ta nufa kuwa ba wurin dariya ba ne. A 1861 Cornelio Saavedra ya gabatar da shirin mamaye Araukaniya, kuma masana tarihi da dama suna ganin bayyanar Bafaranshen ta ba gwamnati ƙarin dalilin gaggautawa, don tsoron kada wata ƙasar Turai ta riga ta. An kafa Angol a 1862, Temuco a 1881, aka kammala da Villarrica a 1883. A ɗaya gefen duwatsun Andes, Janar Julio Argentino Roca ya jagoranci yaƙin da Ajantina ta kira cin sahara, wanda aka ƙare a 1885. Daga 1884 zuwa 1929 Chile ta tattara Mapuche a kan filaye kusan dubu uku da jimillarsu ba ta wuce hekta dubu ɗari biyar da 'yan kai ba, ɗan ƙaramin yanki na abin da suke da shi. Takobin da aka kama don tsira ya yanki hannu, ruwan kuma ya ci.

Yanzu mu koma ga kambin kansa. Al'ummar Mapuche ba ta da sarki ɗaya mai mulkin kowa. Kowace zuriya da yankinta tana da shugaba da ake kira lonko, kalmar da ke nufin kai. Idan yaƙi ya taso ana zaɓen toki, ma'anar kalmar gatari, kuma alamarsa gatarin dutse ce, ikonsa yana ƙarewa da ƙarewar yaƙin. Manyan al'amura a taro ake yanke su, inda iya magana ke da daraja. Abin da suke sa wa a kai shi ne trarilonko, wato ɗaurin kai: na maza saƙaƙƙe ne da zaren ulu, na mata kuma na azurfa ne mai jerin ƙananan faranta da ke lilo a goshi. Bahaushe ba zai sha wahalar gane bambancin ba, domin a wurinmu ma sarauta naɗa ta ake yi. Rawani ƙyalle ne har sai wani ya naɗa maka shi a gaban jama'a, kuma waɗanda suka naɗa suna iya warwarewa. Kambi kuwa ƙerarren abu ne, siffarsa ɗaya ko da kai a ciki ko babu. Mutum na iya ɗauka ya ɗora wa kansa, kamar yadda Napoleon na Farko ya yi a 1804. Ana iya sa shi a akwati a tsallaka teku da shi, a bar wa wani gado.

Abin da ya faru ke nan. De Tounens bai bar ɗa ba, sarautar ta koma hannun abokinsa Achille Laviarde, daga shi sai likita Antoine Cros, aka yi ta miƙawa har ta iso ga Philippe Boiry, wanda ya riƙe ta daga 1951 zuwa 2014. Shi ne Chatwin ya ziyarta a Faris, kuma a zamaninsa ne, cikin shekarun 1980, aka ƙera kambin da ke gidan tarihin. Wanda ya kafa masarautar bai taɓa ganinsa ba. Abin lura, a sanannen hotonsa da ya yi shigar ƙasar, bargon Mapuche ne a kafaɗarsa da ɗauri a goshinsa. Ya fahimci cewa a can sai da ɗaurin kai za a saurare shi. Magadansa ne suka buƙaci ƙarfe.

Kayan da aka yi kambin da su ma suna magana. Ƙarfen ya dace da wata lambar girma da De Tounens ya ƙirƙiro mai suna Kambin Ƙarfe, kuma ana iya karanta shi a matsayin alamar juriya. Amma ƙarfen da Mapuche suka zuba tarihinsu a ciki azurfa ce. Maƙeransu sun riƙa narka sulallan Sifaniya da aka samu ta cinikin dabbobi suna mai da su kayan adon mata, wato suna narka kuɗin da ke ɗauke da tambarin sarkin wasu su fitar da siffar kansu. Bayan mamaya, yunwa ta sa iyalai da yawa suka kai wannan azurfa jingina ko suka sayar, shi ya sa yau ake ganin ta jibge a gidajen tarihi da hannun masu tara kayan da. Ƙarfe kuwa, a Araukaniya ta ƙarshen ƙarni na 19, shi ne bindiga mai maimaita harbi da layin dogo. Duwatsun Biobío su ne ɓangaren da ya fi gaskiya a jikin kambin, domin kogin shi ne iyakar da aka yi yarjejeniya a kanta, kuma duk wanda ya tambayi dalilin sa su dole a ba shi labarin Quilín. Sai dai duwatsun iyaka ne da aka ɗebe daga iyakar, aka kafe su a ƙarfe, aka rufe a gilashi a wata nahiya.

Adalci ne a faɗi cewa akwai 'yan Mapuche, musamman cikin masu fafutuka da ke zaune a Turai, da suka rungumi wannan masarauta, har wasu suka karɓi muƙamai a cikinta. Hujjarsu ita ce shelar 1860 shaida ce a rubuce cewa ƙasarsu tana da 'yanci kafin mamaya, kuma gidan sarautar ya ba su wata ƙofa ta kai kuka ga majalisun duniya. Ba wauta ba ce, dabarar Quilapán ce aka sake ɗaukowa, kuma ba mai zaune a nesa ne zai koya wa wanda aka ƙwace wa gona makamin da zai riƙa ba. Amma shaida daban, alamar al'umma daban. Da lokaci ya yi da Mapuche za su zaɓi alamar kansu, a 1992 ƙungiyar Majalisar Dukan Ƙasashe ta fitar da tutar Wenufoye, mai hoton gangar kultrun a tsakiya, gangar da machi, masu magani da jagorancin ibada, ke kaɗawa. Ita ce tutar da ta cika titunan Santiago a zanga-zangar Oktoban 2019. A Yulin 2021, lokacin da aka zaɓi Elisa Loncón ta shugabanci majalisar rubuta sabon tsarin mulkin Chile, ta hau mumbari da kayan matan Mapuche, ta fara jawabi da harshen Mapudungun. Masu zaɓe sun yi watsi da daftarin a Satumban 2022, rikicin filaye tsakanin al'ummomin da kamfanonin katako kuma yana nan. A duk wannan gwagwarmaya ta mutane sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, bisa ƙidayar Chile ta 2017, kambin Dordogne bai taka wata rawar a zo a gani ba.

Darasin da ke nan ga mai rubutu ya wuce Chile. Labarin baƙon da ya zo daga nesa ya zama shugaba yana da daɗin bayarwa, mu ma muna da namu: yaro ƙarami ya san Bayajida da rijiyar Kusugu, amma kaɗan ne za su iya lissafa sarauniyoyin da aka ce sun mulki Daura kafin isowarsa. Baƙo yana zuwa da mafari da ƙarshe, da suna ɗaya mai sauƙin riƙewa, jama'ar da ya tarar kuwa sai an yi aiki kafin a ba su fuska. Raspail da Sorín da Atallah sun bi hanya mai sauƙi, kowa da gwanintarsa, kuma fina-finan biyu sun cancanci kallo. Wanda yake son ɗaya ɓangaren sai ya nemi marubutan Mapuche ɗin kansu, irin su ɗan jarida Pedro Cayuqueo, mai Historia secreta mapuche na 2017, da mawaƙi Elicura Chihuailaf, wanda ya ci kyautar adabi ta ƙasar Chile a 2020. Babban labarin 1860 yana wurin taron da shugabanni suka zauna suna gardama ko su amince da wannan baƙo mai dogon gashi ko su kore shi, kowa yana lissafin dawakinsa da 'ya'yansa da kwanakin da suka rage kafin sojoji su ƙetaro kogi. A ayyukan nan uku babu wanda ya zauna a cikin taron.